Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin manyan makarantun Sakkwato kan ɗalibanmu da aikin bankunan zuba jari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugabannin jami'o'i da kwalejojin jiharmu, da shugabannin sassan nazarin tattalin arziki da akanta da harkokin kasuwanci da lissafi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa ne a bainar jama'a domin iyaye da ɗalibai su ma su ji, tunda maganar ta shafe su fiye da kowa. Ni Basakkwace ne da ya shafe shekaru yana aiki a Legas, a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke shirya wa manyan masana'antu da gwamnatoci yadda za su tara jari, kafin na dawo gida. Cikin ayyukan da aka riƙa ɗora mini har da zama a kwamitin tace takardun matasa masu neman aiki. A tsawon wannan lokaci, takardun 'yan gida da suka ratsa hannuna ba su taka kara sun karya ba, kuma mafi yawan waɗanda suka iso tun a tacewar farko suka faɗi, kafin wani ya ji muryar mai takardar balle ya gwada ƙwaƙwalwarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaranmu kan ji labarin sharuɗɗan ne bayan sun gama karatu, lokacin da gyara ya zama ihu bayan hari.

Zan fara da bayyana irin aikin da nake nufi, domin idan aka ce banki a garinmu, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne kanta da layin masu cirar kuɗi. Bankin zuba jari ba ya karɓar ajiyar talaka. Aikinsa shi ne ya ba manyan kamfanoni shawara idan za su sayar da hannun jari, ko za su ci bashi ta hanyar fitar da takardun lamuni, ko za su sayi wani kamfani, ko za su haɗe da shi. Misalin yana nan a bakin ƙofarmu. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda iyayenmu suka sani da CCNN, ya haɗe da Kalambaina Cement a 2018, daga baya aka haɗe shi da Obu Cement na jihar Edo, har aka sanya BUA Cement a kasuwar hannun jari ta Najeriya a watan Janairun 2020. Kafin hakan ya tabbata, sai da wasu suka zauna suka ƙiyasta darajar kowane kamfani, suka fitar da yawan hannun jarin da mai tsohon kamfani zai samu a sabon, suka rubuta takardun da hukumar SEC mai kula da kasuwar jari da kuma kotu za su amince da su. Irin wannan lissafi, matasa 'yan ƙasa da shekara 30 ne ke kwana a kansa a ofisoshin Ikoyi da Victoria Island, manya kuma su duba su sa hannu. Duk wanda ya ga tireloli na fita daga Kalambaina da siminti ya san dukiyar tamu ce, to ina ganin bai kamata a ce lissafinta ya gagari 'ya'yanmu ba.

Aikin kuma ƙaruwa yake yi. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya umurci bankuna su ƙara jarinsu, masu lasisin ƙasa da ƙasa zuwa naira biliyan 500, masu lasisin ƙasa baki ɗaya zuwa biliyan 200, ya kuma ba su wa'adin shekara biyu. Kusan kowane bankin da ya fita neman wannan kuɗi sai da ya ɗauki irin waɗannan kamfanoni su shirya masa cinikin. Sunayensu ba ɓoyayyu ba ne: Stanbic IBTC Capital da Chapel Hill Denham da Vetiva da United Capital da CardinalStone da Afrinvest da Coronation Merchant Bank da sauransu. Ina roƙon ku gwada tambayar ɗaliban aji uku na sashen tattalin arziki ko nawa daga cikin waɗannan sunaye suka taɓa ji.

Ƙofar farko ita ce maki. A tsarin maki biyar da jami'o'inmu ke bi, daraja ta ɗaya tana farawa ne daga 4.50, daraja ta biyu ta sama, wato 2:1, daga 3.50 zuwa 4.49, daraja ta biyu ta ƙasa kuma, wato 2:2, daga 2.40 zuwa 3.49. Mafi yawan tallace-tallacen ɗaukar sababbin ma'aikata a wannan fage suna rubuta ƙarara cewa sai mai 2:1 zuwa sama, tare da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi. Tunda yanzu ta intanet ake cike neman aiki, kwamfuta ce ke fara tacewa, kuma ita ba ta san uzuri ba. Wanda ya fito da 3.47 da wanda ya fito da 2.45 duk kwando ɗaya take zuba su.

Ga lissafin da nake son kowane ɗan aji ɗaya ya gani a allo tun makon farko. A ɗauka nauyin kwasa-kwasan kowace shekara daidai yake a karatun shekara huɗu. Yaron da ya gama aji ɗaya da maki 2.5, saboda baƙunta da neman ɗakin kwana da rashin sabo da lacca, yana buƙatar kusan 3.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya kai 3.50. Wannan mai yiwuwa ne ga mai himma. Amma idan ya kai ƙarshen aji biyu yana kan 2.5 ɗin nan, to sai ya ci 4.50 a aji uku, ya sake cin 4.50 a aji huɗu, wato sai ya koma ɗalibin daraja ta ɗaya shekara biyu a jere, sannan ya taɓa gindin 2:1 da ƙyar. Ku malamai ne, kun fi ni sanin sau nawa hakan ke faruwa. Galibin ɗalibai kuwa a aji uku suke farga, su fara kwana a aji da tocila, alhali makin da suka yi sakaci da shi a kwasa-kwasan gama-gari na aji ɗaya ya riga ya zauna daram a cikin jimla. Taron maraba da sababbin ɗalibai da ake yi duk shekara yakan ƙare ne a kan dokokin sutura da na ɗakin kwana da gargaɗi kan satar amsa, kuma duk suna da amfani, sai dai minti goma na wannan lissafi zai iya canza wa yaro shekara huɗu.

Kada a fahimce ni da cewa ina neman a sassauta hannu wajen ba da maki. Masu ɗaukar aiki suna lura da makarantar da 'yan daraja ta ɗayanta ke faɗuwa jarrabawar gwaji, kuma da zarar sunan makaranta ya ɓaci a wurinsu, na baya ne ke biyan bashin. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa fitar da sakamako da wuri, a gyara makin da ya ɓace cikin zangon da ya ɓace, a kuma sauƙaƙa wa wanda ya gama samun cikakkiyar takardar sakamakonsa, domin tallar aiki ba ta wuce 'yan makonni a rufe. Ni kaina ban ɗauki shingen 2:1 a matsayin adalci tsantsa ba. Na yi aiki da masu daraja ta ɗaya da ba su iya rubuta shafi ɗaya mai ma'ana, na kuma ga masu 2:2 da suka fi su kaifin tunani. A Birtaniya ma kamfanin EY ya daina tace masu nema da darajar digiri tun 2015, PwC ya bi sahu a 2022. Amma waɗannan kamfanonin binciken kuɗi ne, kuma a can ne. A kasuwarmu shingen yana nan, kuma gara yaro ya san da shi tun yana da damar tsallakewa.

A ƙasashen waje ma haka abin yake, ko ya fi tsanani. A Amurka, inda ake auna maki bisa huɗu, 3.5 ne adadin da ɗalibai ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da zai sa a kalli takardarsu a manyan bankuna irin su Goldman Sachs da JPMorgan da Morgan Stanley, kuma tun suna shekara ta biyu a jami'a suke neman gurbin koyon aiki na hutun bazara, wanda daga cikinsa ake zaɓen waɗanda za a ɗauka dindindin. A 2024 fiye da mutum dubu 300 ne suka nemi irin wannan gurbi a Goldman Sachs, waɗanda aka ɗauka ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Na kawo wannan ne saboda kamfanonin Legas salon can suke kwaikwayo, kuma da yawa daga cikin masu tace takardun can suka yi karatu ko aiki.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi cutar da 'yan Arewa, ita ce shekaru. Tallace-tallace da dama kan ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Yaron da ya gama sakandare yana da shekara 19 ko 20, ya jira gurbi shekara ɗaya ko biyu, ya bi ta karatun share fage, sannan ya ci karo da yajin aikin ASUU na kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ya jira a tura sunansa hidimar ƙasa, ya yi shekara guda yana yi, yakan fito ne ƙofar ta riga ta rufe, ko da kuwa shi ne zakaran ajinsu. Yajin aiki ba a hannunku yake ba, na sani. Amma watannin da ake ɓatawa tsakanin jarrabawar ƙarshe da amincewar majalisar jami'a da sakamako da aika sunaye ga hukumar NYSC suna hannunku, kuma ga yaron da ke bakin shekara 26, wata shida na iya zama bambancin samu da rashi.

Sai kuma takardar tarihin karatu da aiki, wadda kowa ya fi sani da CV. A bara ɗan ƙanwata ya kawo mini tasa bayan sallar la'asar, ya miƙo da hannu biyu a cikin leda. Shafi huɗu ce. Shafin farko ya ƙare ne a kan ranar haihuwa da ƙaramar hukuma da addini da ƙabila da cewa bai yi aure ba, sai wata doguwar jimla da mai shagon kwamfuta ya liƙa wa duk wanda ya zo, wadda ke cewa yana neman wurin da zai ba da gudummawa ga cigaban ma'aikata. An jera makarantar firamare da ta allo. An ce abin sha'awarsa karatu da tafiye-tafiye. Masu tsaya masa su uku ne, hakimi da limami da wani ɗan siyasa. Makinsa 3.9, abin alfahari, an ɓoye shi a tsakiyar shafi na biyu. Na tambaye shi me yake yi da hutu, ya ce ba komai, sai dai taimakon Baba. Da na matsa, ashe shekara uku shi ke riƙe da littafin cinikin albasar mahaifinsa. Shi ke rubuta buhu nawa aka saya a ƙauyukan Goronyo da Wurno lokacin kaka, nawa aka zuba a rumbu, nawa suka ruɓe kafin farashi ya tashi, nawa aka biya dako da kuɗin mota zuwa Kudu, kuma shi ne ya nuna wa tsohon da lissafi cewa ajiyar da ta wuce wani adadin watanni asara take jawowa ko da farashi ya hau. Na ce masa wannan shi ne ainihin abin da mai ɗaukar aiki ke nema, mutumin da ya taɓa auna riba da haɗari da kuɗin gaske. Ya dube ni ya ce, "Kawu, wanga abu ba a taɓa hwaɗa muna ba."

Mun zauna mun mayar da ita shafi ɗaya, kamar yadda ake so ga wanda bai daɗe da gama karatu ba. Suna da lambar waya da adireshin imel mai kamala a sama, sai digiri da maki da shekarar gamawa, sai abin da ya taɓa yi, kowane layi da adadi a cikinsa, sai ƙwarewarsa a manhajar lissafi ta Excel da harsunan da yake ji. Mai tacewa yana da ɗaruruwan takardu a gabansa, kuma kallon farko ba ya kai minti ɗaya. Kuskuren rubutu guda ya isa a ajiye takarda, domin aikin da ake nema aiki ne da kuskuren sifili ɗaya ke iya zama asarar biliyan. Akwai kuma al'adarmu ta kunya da kawaici, wadda ke sa yaro ya ga faɗin abin da ya yi tamkar yabon kai ne, alhali takwaransa na Legas an koya masa tun sakandare ya lissafa ko da shugabancin ƙungiyar muhawara. Kunya ado ce a zaure, amma ya kamata wani malami ya fahimtar da ɗalibi cewa faɗin gaskiyar aikinsa a takarda shaida ce yake bayarwa. Ƙarya kuwa ba ta kwana, domin duk abin da aka rubuta za a tambaye shi a kansa ranar ganawa.

Daga nan sai jarrabawar gwaji ta lissafi da fahimtar Turanci, wadda ake yi da agogo, sai ganawa ido da ido. A nan ake tambayar yaro yadda rahoton riba da asara da na kadarori da basussuka da na shige da ficen kuɗi suke haɗuwa da juna, ko yadda zai ƙiyasta darajar kamfani, ko abin da ƙarin kuɗin ruwa na Babban Banki zai yi wa farashin takardun lamuni. Ɗalibanmu da yawa sun haddace ma'anar waɗannan abubuwa daga takardun lacca, amma ba su taɓa buɗe rahoton shekara na wani kamfani ba, alhali kyauta ake sauke shi daga shafin kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX. Ina ba da shawarar a sanya wa kowane ɗan aji biyu aikin ɗaukar kamfani ɗaya, ko BUA Cement ko Dangote Cement ko MTN Najeriya da ta shiga kasuwar a 2019, ya zuba alkalumansa na shekara uku a Excel, ya tsaya gaban aji ya kare ra'ayinsa da Turanci kan ko ya dace a sayi hannun jarinsa. Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko kasafi daga gwamnati. Haka nan a sanar da su cewa cibiyar CFA, mai ba da shaidar ƙwarewa ga masu nazarin zuba jari, tana barin ɗalibin da ya rage masa ƙasa da shekara biyu ya gama digiri ya zauna matakin farko cikin matakai uku na jarrabawarta, ko da yake kuɗinta da dala ne kuma ya fi ƙarfin yawancin gidaje, cewa akwai gasar binciken kamfanoni da reshenta na Najeriya ke shirya wa jami'o'i, kuma cibiyar akantoci ta ICAN da cibiyar dillalan hannun jari ta CIS sun fi sauƙin kuɗi.

Babban giɓin da ke tsakanin yaronmu da na Legas shi ne gurbin koyon aiki. Wancan yana hawa mota ɗaya ya isa ofishin, ya yi wata biyu yana ganin yadda ake yi, ya fito da layi biyu masu nauyi a takardarsa. Namu sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu, ta Jega da Yawuri da Kontagora, ya sauka garin da ba shi da masauki. A nan ne ofisoshinku za su yi abin da ɗalibi ba zai iya yi wa kansa ba, wato rubuta wa waɗannan kamfanoni a hukumance a nemi ko gurbi biyu a shekara, a kuma nemo tsofaffin ɗalibai da ke aiki a Legas da Abuja a roƙe su masauki da jagoranci. Da yawa daga cikinmu za mu amsa, ba a dai taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa ba ne.

Na san akwai tambayar da iyaye za su yi kafin duk waɗannan, wato batun riba, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa ta ilimi a gari irin Sakkwato. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba. Abin da zan iya shaida shi ne aikin kashi-kashi ne, akwai na takardun bashi masu kuɗin ruwa, akwai na sayar da hannun jari da ba da shawara kan haɗewar kamfanoni, akwai kuma fagen da aka gina shi kacokan bisa Shari'a. Jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardun tara jari bisa Shari'a, a 2013, Gwamnatin Tarayya ta fitar da nata na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, ta kuma maimaita sau da dama. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus Bank a 2021. Wannan fage yana neman mutanen da suka san ijara da murabaha da mudaraba daga tushe kuma suka iya lissafin zamani, kuma ɗalibin da ya tashi yana karanta babin ciniki na Risala a zauren malaminsa ya riga takwarorinsa da zango guda. Da sassan nazarin addinin Musulunci da na shari'a da na tattalin arziki za su haɗa kwas ɗaya tare, da an fitar da irin mutanen da kamfanonin nan ke nema da fitila.

Ya kamata kuma a gaya wa ɗalibai wahalar aikin ba tare da kwaskwarima ba. A 2021 wasu sababbin ma'aikata 13 na Goldman Sachs sun fitar da rahoton cewa suna yin fiye da awa 95 a mako. A Legas ma, idan ciniki ya kusa rufewa, an sha yin sallar asuba a ofis. Albashin yana da kyau idan aka kwatanta da na sauran sababbin ma'aikata, amma ba kowa zai jure ba, kuma wanda ya ji ya ce bai so ya yi zaɓinsa da sani.

Tunda na dawo gida ina da sararin ranakun Asabar. Duk sashen da ya ga dama ya ware mini aji ɗaya da allo, zan zo da rahoton shekara na kamfani guda da samfurin takardar neman aiki mai shafi ɗaya, na fi son a fara haɗa ni da 'yan aji ɗaya da na biyu, mata da maza, kuma ba na neman ko kuɗin mai.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin kasuwar jari,
Sakkwato.